Takunkumi a Kan Shafin Jinya

A shagon wanki da guga da ke bakin babban titi, kowa Anti yake ce mata, har mai shagon da ya girme ta nesa ba kusa ba. Ita ce ke tsayawa a kanta. Ta karɓi kaya, ta lalube aljihu, ta maƙala lamba a wuyan riga, ta miƙa ciki inda injuna ke ta gurnani. Ba ta da yawan magana. Doguwa mai guga takan ce ita dai tun da ta zo shagon ba ta taɓa jin Anti ta haɗa magana uku a jere ba, sai ranar da wani ya kawo kwat da kifi a aljihu.

Abin da 'yan shagon ba su damu su sani ba shi ne, Anti tana da inda take zuba magana. Shekaru ta yi tana jinyar mahaifiyarta, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata komai. A jikinta ta koya: yadda ake juya babban mutum a gado ba tare da ka ji wa bayanka ciwo ba, yadda ake wanke gashi a kwance da roba da tawul, yadda ake canza zanin gado alhali mutum yana kai. Ƙaninta Auta ba ya iya daɗewa a ɗakin Mama. Yakan tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu, ya gaida ta, ya soma duba waya. Wata rana da ya ga yadda yayarsa ta ɗaga Mama ita kaɗai cikin sauƙi, sai ya ce, "Yaya, wannan abin da kika iya, ki rubuta shi mana. Akwai mutane da yawa da ke cikin halin nan."

Shi ya buɗe mata shafi a intanet, ya bar mata tsohuwar kwamfutarsa mai ƙarar fanka. Ta fara rubutu a teburin kicin, da yatsa biyu, in Mama ta samu barcin rana. Rubutunta ba ado. Takan ce ga abin da ta gwada bai yi ba, ga wanda ya yi, ga kuma inda ya kamata mutum ya bar dabara ya kira likita. Sannu a hankali mutane suka fara faɗowa shafin ta injin bincike. Mutum ya rubuta damuwarsa a waya, sai ga shafin Anti a sama-sama. Su karanta, su bar tambaya. Wata ta ce mijinta ya ƙi shan magani. Wani ya ce shi kaɗai ne namiji a gida, yana jin nauyin yi wa mahaifiyarsa wanka.

Da Mama ta rasu, dangi suka zo suka watse, gidan ya yi mata girma. Ɗaki biyu ne da falo a bene na uku, amma in ta ajiye kofi sai ta ji ƙarar ta zagaya ko'ina. Saƙonnin nan ne suka riƙe ta. Da safe ta dafa shayi, ta buɗe waya, ta tarar da mutane suna jiranta. Ta amsa wasu a bas, ta amsa sauran da hutun rana a kan kujerar bayan shago, kusa da kwandon abin rataye kaya. Ba ta san fuskar ko ɗaya ba, amma ta san wanda babansa ya fara motsa yatsa, ta san wadda ta gaji har ta yi kuka a banɗaki.

Ana nan sai Auta ya kira ta cike da murna. Ya ce ya haɗu da wani gwani, Injiniya ake ce masa, wanda zai ɗaga shafin ya kai shi inda duk duniya za ta gani.

"Injiniyan me?" ta tambaya.

"Haka dai ake kiransa, Yaya. Ke dai ki bar min komai. Ba abin da za ki taɓa."

Ta ce to. Ta san Auta yana son ya yi mata wani abu, kuma wannan ne abin da ya iya. Na ɗan lokaci kuwa sai ya riƙa turo mata hoton wani layi da ke ta hawa sama, yana cewa baƙi sun ninka. Ita dai ba ta ga tambayoyi sun ƙaru ba. Sai wasu saƙonni marasa kai da gindi, masu tallar agogo da maganin rage ƙiba, da take gogewa tana tsaki.

Wata safiya ta buɗe waya ba ta tarar da kowa ba. Ta ce ƙila mutane sun samu sauƙi, Allah ya sa. Washegari ma haka. Da mako ya zagayo shiru, ta kai wayar wurin mai gyara a ƙasan gada. Ya jujjuya ta, ya ce lafiyarta ƙalau. Da hutun rana ta rubuta a injin bincike kalmomin da ta san kullum su ke kawo mutane wurinta, yadda ake juya mara lafiya a gado. Shafukan wasu suka fito. Ta wuce zuwa gaba, ta ƙara wucewa, har yatsanta ya gaji. Ta rubuta sunan shafin da kansa. Nan ma sai can ƙasa ta hango shi, a bayan wasu da ba su da alaƙa da jinya.

"Doguwa, ara min wayarki."

Doguwa ta ajiye dutsen guga, ta miƙo. "Yau kuma? Ko saurayi aka yi, ana ɓoye mana?"

A wayar Doguwa ma babu. Anti ta mayar mata, ta koma kanta. Wani mutum ya kawo labule guda biyu, ta maƙala musu lamba ɗaya, sai da ya nuna mata kuskuren.

Da yamma ta kira Auta. Tana jin hayaniyar yaransa da ƙarar talabijin. Ya ce abin yakan yi haka, ya sauka ya hau, ta kwantar da hankalinta. Bayan kwana biyu shi ya kira, muryarsa a sanyaye. Lambar Injiniya ba ta shiga. Ya ce akwai wani wuri da masu injin binciken ke aika wa mai shafi saƙo, shi bai taɓa leƙawa ba, ga kalmar sirri zai turo mata, don aiki ya sha masa kai a ofis.

Ranar hutunta ta zauna a teburin kicin ta shiga. Saƙon yana nan, ya daɗe yana jira. Ta karanta shi a hankali, irin karatun da take yi wa takardar sakamakon asibiti, tana tsayawa a kan kowace kalma. An ce wani ma'aikacinsu ya duba shafinta, ya ga an yi maguɗi, an saka masa takunkumi. Laifi biyu ne. Na farko, an cika shafin da rubuce-rubucen da aka kwaso daga wasu wurare. Na biyu, an baza mahaɗai na bogi a shafukan duniya masu nuno nata, wato waɗannan kalmomin da in ka taɓa su sai su kai ka wani shafi, don a ruɗi injin ya ɗauka shafinta ya yi suna. In ta gyara, tana iya neman a sake dubawa.

Kalmar maguɗi ce ta tsaya mata a wuya. Ita da ko maɓallin riga ta tsinta a aljihun mutane sai ta saka a leda ta mayar.

Ta fara da cikin gida. Ta buɗe jerin rubuce-rubucen shafin, sai ta ga nata 'yan kaɗan sun nutse a cikin ɗaruruwan da ba ta taɓa gani ba, kowanne da sunanta a ƙasa. Injiniya ya ɓoye su yadda mai shigowa ta ƙofar gaba ba zai gan su ba, sai wanda bincike ya jefo. Ta buɗe ɗaya. An ce wai in gyambon kwanciya ya fito wa mara lafiya, a shafa masa wani haɗi na gida, ba sai an je asibiti ba. Ta tashi ta tsaya a bakin taga. A ƙasa wata mata tana ta fama da keken jariri a kan dakalin titi, motoci suna wucewa. Wa ya karanta wannan? Wa ya gwada a jikin uwarsa saboda ya ga sunanta? Ba yadda za ta sani, ba kuma wanda za ta tambaya.

Ta koma ta zauna ta fara gogewa. Ba ta yarda ta goge su a dunƙule ba, tana tsoron kada nata ya bi ciki. Ɗaya bayan ɗaya take buɗewa, ta karanta layin farko, ta gane ba bakinta ba ne, ta goge. Fankar kwamfutar tana ta kuka, shayinta ya huce ya yi fata. Haka ta cinye ranar hutun, da wadda ta biyo baya.

Mahaɗan sun fi wuya, don suna gidajen mutane, a shafukan wasu. Sai da ta yi ta karatu da kallon bidiyon masu bayani, tana tsayarwa tana komawa baya, kafin ta gane yadda ake fito da jerinsu. Da suka fito sai ta riƙe baki. Shafukan caca, shafukan magungunan bogi, wasu cikin harsunan da ko haruffansu ba ta sani ba. A wani wuri ta ga hoton da ta ɗauka da kanta, hannun Mama a kan bargo, an manna shi kusa da tallar man shafawa. Ta rufe kwamfutar. Ta shiga ɗakin Mama, inda gadon asibitin da ta yi jinyarta a kai yake har yanzu da katifarsa a naɗe cikin leda, ta zauna a kujerar da ta saba zama. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna har hasken taga ya koma ja, sannan ta tashi ta ɗora tukunya.

Masu bayani sun ce a fara roƙon masu shafukan su cire. Ta rubuta saƙo na ladabi, ta riƙa aikawa duk inda ta samu adireshi, da safe kafin ta fita, da yamma in ta dawo. Yawanci saƙon yakan dawo mata, wai babu mai wannan adireshin. Sauran kuma shiru. Ta saba buɗe waya ta tarar ana nemanta, yanzu ita ce ke ƙwanƙwasa ƙofofin da ba kowa a ciki.

Bayan 'yan makonni ta gaji, ta aika neman a sake dubawa. Ta rubuta musu duk abin da ke ranta. Ta ce ita ba ta san komai ba, mahaifiyarta ta yi jinya mai tsawo, mutane suna bukatar shafin, don Allah a yi haƙuri. Amsa ta zo gajeriya, ba suna, ba gaisuwa. Har yanzu akwai mahaɗan bogi, takunkumi yana nan. Aka kawo mata misali biyu.

"Anti, lafiya kuwa?" in ji Doguwa, ganin ta ƙura wa waya ido. "Kin yi shiru fiye da shirunki na kullum, abin har ya fara ba ni tsoro."

"Shafina ne aka ƙi buɗe min."

"Au, wannan abin naki? Ki buɗe wani mana. Ni sau uku ina canza lamba."

Anti ta yi murmushi kawai. Ta ina za ta fara bayani?

Daga ranar ta ɗaura ɗamara. Ta daina tantancewa, duk shafin da ta ga yana nuno nata sai ta aika masa saƙon a cire. A cikin wannan sharar ne amsa ta farko ta mutum mai rai ta iso mata. Wata mata ce. Ta rubuta: "Baiwar Allah, me na yi miki? Ni ba 'yar damfara ba ce. Na saka shafinki a nawa ne don shi ya taimake ni lokacin da maigidana yake kwance. Na cire, tunda haka kike so."

Anti ta buɗe shafin matar. Ɗan ƙarami ne, hoton tukwanen furanni a baranda, da 'yan rubuce-rubuce kan zaman asibiti. Kunya ta rufe ta. Ta rubuta ban haƙuri, ta goge, ta sake rubutawa, daga ƙarshe ta tura lambarta ta ce in ba damuwa tana so ta yi magana da baki.

Matar ta kira ranar hutu da hantsi. Muryarta ta manya ce, mai ɗan kaushi. Anti ta yi bayanin Injiniya da takunkumi da yadda ta rikice. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi 'yar dariya.

"To ai shi ke nan, 'yar'uwa. Ni na ɗauka wani abu na rubuta da ya ɓata miki rai. Kwana na yi ina tunani."

"Wallahi ko kaɗan. Yaya jikin maigidan?"

"Ya rasu. An kusa shekara."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ki haƙuri."

"Amin. Mahaifiyarki fa?"

"Ita ma."

Suka yi wa mamatan addu'a. Sai matar ta ce, "Kin san dabararki ta zanin gado? Ranar da na fara gwadawa na naɗe shi ciki kamar tabarma. Yana ta zagina da rabin baki, ni kuma dariya ta hana ni kwance shi."

Anti ta yi dariya har da riƙe ciki, irin wadda ta manta tana da ita. Suka daɗe suna hira, kan warin man zafi da ba ya fita daga labule, kan 'yan dubiya masu zuwa da shawara su tafi da ƙafarsu, kan yadda hannu ke rasa abin yi bayan an gama. Da za su rabu matar ta ce ba za ta mayar da mahaɗin ba, don dama rufe shafin za ta yi. 'Yarta ta matsa sai ta koma wurinta da zama, a wani gari mai nisa.

"Ni na gama da wannan babin," ta ce. "Ke dai ki ci gaba, akwai masu shigowa yanzu."

Suka yi alkawarin za su riƙa gaisawa. Anti ta ajiye wayar a teburi, gidan ya koma yadda yake.

Wannan kuskuren ya koya mata ta koma tantancewa. Ta bi mahaɗan daga farko, tana buɗe kowane shafi da idonta, tana ware na mutanen kirki gefe. Waɗanda suka ƙi ciruwa kuma, akwai hanyar da ake tara su a fayil guda a miƙa wa masu injin, a ce ba ruwana da waɗannan, kada a lissafa su da ni. Nan ta maƙale. Duk yadda ta tsara fayil ɗin sai a dawo mata da shi, wai akwai kuskure. Ta yi ta juya wayar a hannu kafin ta kira Auta.

Ya zo ranar hutu da rana, da leda cike da lemo, kamar mai zuwa dubiya. Rabonsa da gidan tun kwanakin rasuwa. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya zauna a teburin kicin, ya jawo kwamfutar.

"Kai, wannan tsohuwar tana nan da rai? Ji yadda take nishi."

"Ta fi Injiniyanka amana."

Ya sunkuyar da kai yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Cikin ɗan lokaci ya gano matsalar, wata alama ce take sakawa a farkon kowane layi da ba a so. Ya gyara, fayil ɗin ya shiga. Sannan ya ga yawan shafukan da ta bi, da saƙonnin da ta aika.

"Yaya, duk wannan ke kaɗai kika yi?"

"Da wa zan yi?"

Ya ce bari ya wanke hannu. Hanyar banɗaki ta gaban ɗakin Mama take, kuma ƙofar a buɗe. Ta ji takunsa ya tsaya. Da ta leƙo sai ta gan shi a bakin ƙofar, hannu a aljihu, yana kallon gadon.

"Har yanzu yana nan," ya ce.

"Yana nan."

"In kina so in turo a ɗauke shi. Ɗakin zai yi miki amfani."

"Ba yanzu ba, Auta."

Ya gyaɗa kai. Suka koma teburi suka rubuta neman sake dubawa na biyu tare. Ya ce ta bar maganar roƙo, mutanen nan aiki suke so su gani. Suka faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye: an ɗauki wani ya ɗaga shafin, ya yi ta hanyar da ba ta dace ba, ga abin da aka goge, ga waɗanda aka roƙa su cire, ga waɗanda aka barranta da su, kuma ba za a sake ba. Da suka zo wurin wanda ya ɗauko Injiniya, Anti ta rubuta "mun ɗauko". Auta ya miƙa hannu ya mayar da shi "ƙanina ya ɗauko". Ta bar shi haka.

Ta ce ya tsaya ya ci abinci, ta riga ta ɗora. Ya duba waya, ya ce maman yara tana jiransa, zai kai su wani wuri. A bakin ƙofa ya ce ta riƙa zuwa mana, yara suna tambayarta. Ta ce in sha Allahu. Ta tsaya tana jin takunsa yana sauka har ya ɓace, ta dawo ta rage wutar murhu. Abincin mutum biyu ta dafa, ta ci rabi, ta saka rabi a firji.

Jiran ya yi tsawo. Ta daina duba waya da safe, ta koma dubawa, ta sake dainawa. A bas takan zauna kusa da taga tana kallon masu shaguna suna ɗaga ƙofofi. Matar nan mai furanni ta turo gaisuwa sau ɗaya daga sabon garinsu, da hoton baranda babu tukwane. Anti ta amsa, daga nan zancen ya mutu.

Saƙon ya zo ne tana tsakiyar ƙirga rigunan wani otal. Waya ta yi ƙara a aljihun rigar aikinta, ta duba. An sake duba shafinta, an ɗage takunkumin. Layi biyu ne kawai. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗaga kai tana neman wanda za ta gaya wa. Mai shago yana waya. Direban otal yana kallon agogo.

"Doguwa, an buɗe."

"Me aka buɗe?"

"Shafin."

"Kai, barka! To yau ke za ki saya mana lemo." Ta koma kan gugarta, tururi ya rufe mata fuska.

Ta tura wa Auta. Ya amsa da hoton hannu mai jinjina.

Da yamma ta rubuta kalmomin nan a injin bincike. Shafin bai dawo sama ba. Sai da ta wuce shafi uku na sakamako kafin ta same shi. Masu bayani dama sun faɗa, ɗage takunkumi ba ya mayar da kai inda kake, wasu sun riga sun zauna a wurin, sai ka sake hawa da ƙafarka. Ta sani, amma sani bai hana ta jin abin a ƙirji ba.

Ranar hutu ta zauna ta yi abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta buɗe farin shafi. Ta fara da gargaɗi, cewa an taɓa saka rubuce-rubuce da sunanta waɗanda ba nata ba, duk wanda ya karanta maganar shafa haɗin gida a gyambo ya yi watsi da ita ya nemi likita. Bayan wannan ta ci gaba da rubuta sababbi, ɗaya a mako. Yadda ake yanke wa mara lafiya farce. Yadda za ka roƙi ɗan'uwa ya karɓe ka na yini ɗaya ba tare da an yi faɗa ba. Tana rubutawa ba ta san ko akwai mai karantawa ba, kamar mai magana a ɗakin da aka kashe fitila.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, shago ya cika da barguna da mutane ke kawowa kafin su adana. Wata safiya tana cikin bas, a tsaye don babu wurin zama, wayarta ta motsa. Ta ɗauka masu tallar agogo ne. Wani mutum ne, rubutunsa duk kurakurai, da alama da sauri ya yi shi. Ya ce jiya aka sallamo matarsa daga asibiti, ba ta iya tashi, kuma tun da suka dawo ta juya fuska bango ta ƙi yi masa magana. Ya ce girki ma bai iya ba. Ya ce bai san wa zai tambaya ba, ya yi ta bincike har ya faɗo nan, ko akwai mutum a wurin?

Ta karanta tana riƙe da ƙarfen bas da hannu ɗaya. Kafin ta ɗago, an wuce tasharta da nisa. Ta sauka a ta gaba, a wata unguwa da ba ta taɓa takawa ba, gaban wani shagon sayar da tayoyi da ba a buɗe ba tukuna. Ta san za ta makara, mai shago zai yi mita. Ta samu dakali ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta gyara gilashinta.

"Akwai mutum," ta rubuta. "Sannu da ƙoƙari. Kada ka matsa mata ta yi magana yau. Fara gaya min, kai ka ci wani abu tun jiya?"